Ɗakin da Babur Ya Ƙwace Mini

Litinin, 3 ga Maris

Sun ba babur ɗakina.

Ɗakin nan na kusa da ƙofar gida, wanda ake jibge tarkace a ciki. Tun ina aji shida Baba ya ce in na ci jarrabawar shiga sakandare, nawa ne. Na ci. Ni na kwashe tsofaffin buhuna, ni na kashe kyankyasai, ni na goge taga har sau uku. Katifa kawai ta rage a saka.

Yau na dawo daga makaranta na tarar da a-kori-kura a ƙofar gida, maza uku suna sauke wani abu da tsatsa ta cinye. Taya ɗaya babu iska, ɗayar kuma babu ita ma gaba ɗaya. Wai babur ne. Wai da shi Baba ya fara raba wasiƙu tun kafin a haifi Yaya, kuma shekara goma sha bakwai yana jingine a bayan garejin abokinsa. Wata biyu ke nan da Baba ya yi ritaya daga gidan waya, kullum yana zaune gaban rediyo kamar an dasa shi. Yau sai murmushi yake kamar an miƙo masa jariri.

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin ya ce, "Malama Shiru, ɗan matsa mana."

Na matsa. Abin da na iya ke nan.

Laraba, 5 ga Maris

Mama ce ta yi wa Baba maganar a madadina, don ni na kasa. Ya ce ranar da babur ya tashi, ranar zai fita daga ɗakin, ai ɗaki ba gudu zai yi ba. Mama ta ce in bai tashi ba fa? Ya ce zai tashi.

Ina nan dai ɗaki ɗaya da ƙannena tagwaye. Ɗaya tana harbi cikin barci, ɗaya tana jiƙa shimfiɗa. Jiya sun gano inda nake ɓoye littafin nan. Na mayar da shi cikin rigar matashi.

Asabar, 8 ga Maris

Ya fara kwance shi. Ya shimfiɗa kwalaye a ƙasa, duk abin da ya ciro sai ya ajiye shi kusa da wanda ya riga shi fita, daga hagu zuwa dama. In layi ya cika ya fara wani a ƙarƙashinsa. Wai in zai haɗa, daga na ƙarshe zai faro ya komo baya.

Ya kafa doka. Ba shara, ba taka kwali, tagwaye kuwa ko leƙe.

Mama ta ce ya riƙa rubutawa mana, ko da a bayan kalanda ne. Ya ce shekara talatin da biyu yana ɗauke da ƙofofin gari a kansa, bai taɓa kai wasiƙar wani gidan wani ba, sai yanzu a kan noti zai nemi biro? "Ƙasan ɗakin nan ita ce takardata."

Ƙasan ɗakina yake nufi.

Alhamis, 13 ga Maris

Na sami dabara. Kullum in na dawo sai in zauna a bakin ƙofar da littafin lissafi a cinya. Yana zaton karatu nake. Wannan littafin ne a ciki, kuma a shafukan baya nake zana ƙasan ɗakin, layi-layi, yadda ƙarafan suke cinye wurin. Ƙarshen wata Yaya zai zo hutu daga wurin aiki. Shi Baba yana jin maganarsa. Zan nuna masa ya gani da idonsa, tun da bakina ba ya aiki.

Ban san sunayensu ba, kuma ba zan tambaya ba, kada ya ɗauka sha'awa nake. Na raɗa musu nawa. Akwai hular soja. Akwai kunnen ɓera, su huɗu ne, ɗaya ya fi siranta. Akwai 'yan uku masu gaba da juna, don duk inda ya ajiye su sai sun gangara. Akwai wani ɗan ƙarfe rawaya, karkatacce, shi kaɗai a gefe. Haƙorin Gwaggo ke nan. Allah ya yafe mini, amma kamar an ciro shi daga bakinta.

Lahadi, 16 ga Maris

Inda katifata za ta zauna, yanzu salansa ce kwance.

Juma'a, 21 ga Maris

Tsohon bakaniken nan abokin Baba ya zo dubiya. Haka ya ce, dubiya. Ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mai Wasiƙa, yaushe ne jana'izar?"

Baba ya ce, "Injiniya, shekara goma sha bakwai yana hannunka, ko ƙura ba ka kaɗe masa ba."

"Ai girmama shi na yi. Ba a tashin dattijo in yana barci."

Suka yi ta dariya kamar yara. Da bakaniken ya durƙusa ya leƙa cikin injin sai ya daina. Ya ce rabonsa da buɗe irin wannan tun gashinsa na baƙi, shi kansa ya manta yadda cikinsa yake, yaran garejinsa kuwa ko a hoto ba su taɓa gani ba. Ya ce wa Baba ya kula da layukan nan kamar idonsa.

Da zai fita ya ce mini, "'Yar Baba, ke ce mai gadi?" Na sunkuyar da kai. Mai ɗaki ce, da ka sani.

Rigar makarantata tana warin kananzir. Wadda muke benci ɗaya da ita ta tambaye ni ko a gidanmu ake sayarwa.

Asabar, 29 ga Maris

Yaya ya zo. Ya kawo wa Baba sababbin sifanoni a cikin akwati ja. Sababbi, masu ƙyalli.

Na bi shi har wajen randa da littafin a bayana. Na ce, "Yaya." Ya ce, "Na'am, ƙanwata, kin ga yadda tsohon nan ya farfaɗo? Ki yi ta taya shi zama, kin ji?" Ya dafa kaina ya wuce.

Yau ban zauna a ƙofar ba. Ban zana komai ba. Su ƙarata.

Talata, 1 ga Afrilu

Na koma zane tun shekaranjiya, ban san dalili ba. Hannu ya saba.

Gwaggo, yayar Baba, ta sauka, za ta yi mako tana ganin likitan gwiwa. Ko ruwa ba ta sha ba ta shafa yatsa a kan teburi ta nuna wa Mama. Ta ce da ni, "Ke har yanzu ba a buɗe miki baki ba?" Na gaishe ta sau biyu fa. Ita ce ba ta ji.

A ɗakinmu za ta kwana. Mu huɗu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Dole in rubuta wannan.

Baba ya tafi wajen tantance 'yan fansho tun safe. Mama ta kai tagwaye allura. Ni ina makaranta. Gwaggo ita kaɗai a gida, da gwiwar da wai ba ta lanƙwasuwa.

Ta share ɗakin.

Ta kwashe komai. Manya a bokiti, matsakaita a baho, ƙanana a tsohon kwanon sha. Ta jefar da kwalayen a bola, ta wanke ƙasa da sabulu. Da Baba ya shigo tana zaune a kan kujera tana fifita, ta ce, "Ƙanena, na gyara maka wurin nan. Na ma raba maka su, manya daban ƙanana daban, ba sai ka sha wahalar nema ba."

Baba ya dubi ƙasan ɗakin. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya zauna a dokin ƙofa, daidai inda nake zama.

Da Gwaggo ta ga fuskarsa sai ta juyo kaina. Wai da a ce budurwar gidan tana shara, da ita da ciwonta ba ta ɗauki tsintsiya ba. Wai ina ganin ƙazanta ina tsallakewa. Ni. Ni da aka hana. Ni da wata guda ina kallon ƙura tana taruwa a tagar da na goge sau uku.

Maganar ta zo mini har wuya. Na haɗiye ta, na shiga banɗaki na yi kukana.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Bakanike ya zo. Ya tsoma hannu a kwanon sha, ya ɗebo, ya zubar. Yau ba zolaya. Ya ce manyan zai iya gane wurinsu, amma ƙananan cikin injin, in aka sa ɗaya kafin ɗaya, ko ya ƙi tashi ko ya tashi ya cinye kansa. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Mai Wasiƙa."

Baba ya koma gaban rediyo. Ba ya ma canza tasha.

Mama ta same ni ina wanke-wanke, ta yi ƙasa da murya ta ce sun yi magana. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo Asabar ta sama. Ta ce, "Kin ga, ɗakinki ya dawo. Lahadi sai mu sa katifa."

Na ce to.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na ƙirga. Shafi goma sha tara. Kowane layi yana nan, kowane ƙarfe da na kusa da shi, har da wanda ya kwanta rigingine da wanda ya kifa.

Ba wanda ya sani. In na yi shiru, abin da na fi kowa iyawa, kwana shida ya rage mini.

Kuma ko da na so, ba zai yiwu ba. A gefen kowane zane na yi rubutu, da biro. Shafi na huɗu: Baba ya fi son ƙarfe a kan 'yarsa. Shafi na tara: Allah ya sa ɓarawo ya shigo. Na sha ɗaya ba zan ma maimaita ba. Ba ya yaguwa, don bayan kowane rubutu wani zanen ne.

Ba laifina ba ne. Ba ni na share ba. Shi ya ƙi rubutawa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Gwaggo ta tafi jiya. Ta bar mini nasiha, in riƙa taimakon iyayena.

Da la'asar na leƙa ta taga. Baba yana durƙushe a ɗakin shi kaɗai, ya shimfiɗa kwali ɗaya, yana jera ƙananan yana rushewa. Ya ɗaga kunnen ɓera saitin haske, ya matso da shi kusa da ido, ya nisanta. Ya ajiye siririn a gaban hular soja. Ba nan ba ne. Bayanta yake, shi ne na uku.

Har na buɗe baki. Sai tagwaye suka kira ni.

Bai ci abincin rana ba. Ba ruwana.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Mai ƙarafan ya zo da hantsi, da baro da sikelinsa mai ƙugiya. Ya shiga ɗakin da takalmi. Ya sa ƙafa ya taɓa tankin, tankin da Baba ya yi kwana biyar yana gogewa, ya ce wannan ai gwangwani ne, ba nauyi. Ya rataya bokitin a sikeli. Ya ɗauki kwanon sha zai juye a buhu, har wasu suka zube ƙasa, haƙorin Gwaggo ya gangara ya tsaya a gaban ƙafata. Ko kallonsa mutumin bai yi ba.

Abin da ya ba ni haushi ke nan. Ba tausayin kowa ba ne. Kusan mako uku ina zana abin nan, na san ta gefen da ya karkace, wani kuma zai zo ya taka shi da takalmi.

Na shiga ɗakinmu, na zaro littafin daga rigar matashi, na buɗe shafukan baya, na ɗora a cinyar Baba. Na so in gudu, amma na tsaya.

Ya sa tabarau. Ya duba shafin farko ya daɗe. Ya juya. Ya juya. Da ya kai na huɗu na ga ya tsaya, yatsansa a kan rubutun. Kunnuwana suka yi zafi. Na tara. Na sha ɗaya. A nan ya ɗan yi tari.

Mai ƙarafan ya ce, "Alhaji, rana tana yi."

Baba ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, mun ɓata maka lokaci. Sauke bokitin."

Mutumin ya fita yana gunaguni. Mama ta kama haɓa tana kallona. Ta ce, "Ke kuwa. Gobe-goben nan fa za mu sa katifar."

Na sani. Ai na sani.

Ina jira Baba ya yi maganar shafi na huɗu. Bai yi ba. Ya nuna wani wuri da yatsa ya ce, "Malama, wanne ne haƙorin Gwaggo?" Na ɗauko na miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya dube shi, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Mama ta leƙa, ta toshe baki da mayafi ta shige kicin. Har tsakar gida ana jin dariyarta.

Ya mayar mini da littafin da hannu biyu. Ya ce shafukan gaba bai buɗe su ba.

Baba, in ka taɓa kai wa nan, ka rufe.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na jawo wa kaina. Tagwaye sun jiƙa har gefena.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mako guda muna mayar da layukan. Ni ke riƙe da littafi ina kira, shi yana tono a baho. Dole in yi magana, ba yadda zan yi. Da farko sai ya ce in ƙara murya sau biyu sau uku. Yanzu sau ɗaya.

Ya daina kiran sunayensu na gaskiya. Jiya bakanike ya zo ya ji yana cewa in miƙo 'yan uku masu gaba, ya ce, "Mai Wasiƙa, a wace makarantar aka koya maka wannan?" Baba ya nuna ni da sifana.

Yatsunsa ba sa shiga wasu wuraren. Nawa suna shiga. Baƙin mai ya maƙale a farcena, malamar lissafi ta sa na nuna wa aji hannuna. Duk saboda babur ɗin da ba nawa ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Mun cije. Tsakanin shafi na sha shida da na sha bakwai akwai rami, ƙarafa bakwai ba su cikin zane. Ranar da Yaya ya zo ce, da na yi fushi na ƙi zama.

Na ce masa ban zana ranar ba. Na ɗauka shi ke nan, duk wahalar ta tashi a banza.

Ya ɗebi bakwai ɗin, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ko tsayawa tunani bai yi ba. Na ce ya aka yi ya tuna waɗannan, bai tuna sauran ba? Ya ce, yana goge hannu da tsumma, "Ranar ba kowa a ƙofa. Ba wanda zan saci kallo, sai na kalli aikina."

Ashe ya san ba lissafi nake ba. Wata guda ya bar ni ina ta ɓoye-ɓoye kamar wawiya. Har yanzu haushi nake ji. Ina ganin haushi ne.

Asabar, 10 ga Mayu

Ya tashi.

Sau ashirin da uku Baba ya buga masa kik, na ƙirga. Gumi har cikin idonsa. Bakanike yana cewa a kawo masa kujera kafin a kai mutum biyu asibiti. A na ashirin da huɗu injin ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari, sai ya kama. Hayaƙi ya cika ɗakin, tagwaye suka ruga bayan Mama, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar me ya kama da wuta.

Baba bai hau ba. Ya kashe shi, ya tura shi waje da hannu, ya jingine a gindin katanga. Ya dawo ya tattara kwalayen da kansa, ya ɗauki tsintsiya. Mama ta ce ya kawo, ya ce a'a. Shi ya ɗauko katifar a ka.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, a ba ni izinin shiga?"

Talata, 13 ga Mayu

Ɗakina. Ba mai harbi, ba mai jiƙa shimfiɗa. Littafin nan a kan taga yake kwana, a fili.

Shiru ya yi yawa kaɗan, amma zan saba.

Akwai tabon baƙin mai a ƙasa wajen taga. Mama ta ba ni toka da buroshi tun shekaranjiya. Ban samu lokaci ba.

Ɗazu hadari ya haɗu. Baba ya fita da wata tsohuwar leda yana ta fama, iska tana ɗage ta, madubi a waje, sirdi a waje. Ledar ko rabi ba ta rufe ba. Na tsaya ina kallo har raina ya ɓaci. Tankin nan kwana biyar aka yi ana goge shi, sarƙar kuwa ni na wanke ta da kananzir, gaɓa-gaɓa. Haka kawai ruwa ya zo ya mayar da tsatsa.

Na ce, "Baba, ka shigo da shi."

Ya ce ai ɗakin mutane ne. Na ce zuwa a yi masa rumfa ne kawai. Sai da na faɗa sau biyu, ba don bai ji ba.

Yana nan wajen taga, daidai kan tabon. Na matsar da katifa jikin bango, ta shiga, har da sauran wurin akwati. Warin fetur ne dai. Na ce wa Mama yana damuna.

Baba ya ce fitilar baya ba ta kamawa, wai ko ranar Asabar, in ba ni da aikin makaranta.

Ina da shi. Amma ba yawa.